Sai Umma Ta Buga Cokali

Guntu ya fi kowa tsawo a gidansu. An laƙaba masa sunan ne tun yana ƙarami, lokacin da ya tsaya cak ya ƙi girma, daga baya ya miƙe kamar an ja shi da igiya, amma ba wanda ya ga dalilin shan wahalar canja suna. Yanzu ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, sai ya sunkuya yake shiga kicin, kuma har a wurin aiki, kamfanin da yake yi wa gyaran lifta, na'urar hawa bene, Guntu ake kiransa.

Shi ne ya zauna da Umma. Yaya, babbarsu, tana wani gari da mijinta da kantinta na magani. Auta yana nan cikin gari amma can wani gefe, yana haɗa wa mutane shafukan intanet, sana'ar da Umma ba ta taɓa yarda cewa aiki ba ce. Ba a yi taro an ce Guntu ne zai zauna ba. Kowa dai ya tashi ya kama gabansa, da aka waiwayo aka ga shi bai tafi ba.

Shekarun baya Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta dawo rabi, magana kuwa ta kwashe kayanta kaf ta bar kalma ɗaya tak: "A'a." Yaya ta ce da likita kada ya damu, dama ita ce kalmar da Umma ta fi mora tun tana da lafiya.

Tun daga nan girki ya koma hannun Guntu, amma hannun kawai, kan yana wurin Umma. Kullum in ya dawo daga aiki ya wanke baƙin mai, sai ya jawo kujerarta mai hannu ya ajiye a bakin ƙofar kicin, don kicin ɗin ba ya ɗaukar mutum biyu, balle ɗayan Guntu ne. Ya zaunar da ita, ya sa mata cokalin katako a hannun hagu, ya juya ga tukunya. Shi zai zuba, ita za ta duba. In gishiri ya kai inda ya kamata sai ta buga cokalin a hannun kujera, ƙwas, shi kuma ya tsaya. Haka mai, haka barkono, haka ruwan shinkafa. Wurin da take bugawa har ya lotsa, fentin ya ɗaye.

Abinci kuwa yana fitowa yadda suka san shi tun suna yara. In Auta ya zo, sai ya ci ya ƙara, ya nemi roba ya tafi da saura. Guntu bai taɓa karɓar yabon ba. Ya kan ce shi bututu ne kawai, a gode wa mai famfo. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne yana jin tsoro. Ya san akwai ranar da zai karkata kwalbar gishiri ya kasa kunne bai ji komai ba, kuma bai san inda hannunsa zai tsaya ba. A ganinsa ranar ba Umma kaɗai za su rasa ba, har ɗanɗanon gidansu zai bi ta, a bar shi da tukunya da tsawo.

Shi ya sa da Yaya ta kawo maganar shafin intanet bai musa ba. Yaya irin mutanen nan ce da in sun ce sun kawo shawara, to sun riga sun yanke hukunci sun wanke hannu. Ta ce za a rubuta girkin Umma gaba ɗaya, a auna komai, a ɗauki bidiyo, a sa a intanet da sunanta, jikoki su samu abin dubawa. Guntu ya ji maganar ta shige shi fiye da yadda ya nuna. In an rubuta awo da sunan Umma a sama, ko ba ta nan akwai abin da zai ce masa ya tsaya.

Auta ya ce suna za a fara nema, don shafi ba suna kamar gida ne ba lamba. Aka sa ranar Lahadi bayan abincin rana. Auta ya zo da kwamfutarsa ya baje a teburin falo, aka jingina waya da kwalbar ruwa, fuskar Yaya ta cika ta. Umma tana gefe a kujerarta, cokali a hannu, don a gidan nan tun kafin ciwo ko labule ba a canjawa sai da yardarta, bayan ciwo kuma yardar ta koma cikin cokali.

"Ai ba wani dogon nazari," in ji Yaya. "Girkin Umma. Rubuta."

Auta ya latsa, ya jira. "An ɗauka."

"Wa ya ɗauka?"

"Wani mai Umma."

Aka gwada Kicin ɗin Umma, an ɗauka. Tukunyar Umma, an ɗauka. Hannun Umma ma an ɗauka, su kuma wai man shafawa suke sayarwa. Ashe duk duniya kowa yana da uwa, kowace uwa ta iya girki, kuma 'ya'yanta sun riga su sammako. Auta ya ce ana iya ƙara lamba a ƙarshe, a ce Girkin Umma na Biyu.

"Uwata ba ta biyu ba ce," in ji Yaya. "Kai in kana da ta ɗaya, ka faɗa mana."

Daga ƙarshe Auta ya tono wanda ba a ɗauka ba, Girkin Ummanmu na Asali. Yaya ta ce ya yi tsawo amma za a jure. Duk suka juya ga kujera. Guntu ya durƙusa kusa da ita ya maimaita sunan a hankali.

"A'a," in ji Umma.

"Ɗanɗanon Umma Mai Albarka fa?"

"A'a."

"Daga Murhun Umma?"

"A'a."

Umma tana da a'a iri-iri, Guntu kuma ya san su duka. Akwai ta ƙin shan magani, akwai ta mamaki in an ce wance ta haihu, akwai wadda take nufin a ƙara mata shayi. Wannan ba ya cikinsu. A'a ce gajera, ba fushi a ciki, irin ta mai kanti in ka tambayi abin da ba ya sayarwa.

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Yaya ta koma turo sunaye ta waya tun da safe, kafin ta buɗe kanti. Mijinta ya ba da nasa, surukarta ta ba da nata, har wani mai kawo mata kwalayen magani ya tofa albarkacin bakinsa. Guntu ya riƙa karanta wa Umma su da yamma yana yanka albasa. An sa mata Hajiya, an cire. An sa Uwa ta Gari, an sa Gwanar Gwanaye. Cokali bai motsa ba. Auta ya ce a saka kowane ne kawai, ai Umma ba ta shiga intanet, wa zai gaya mata? Guntu ya dube shi daga sama har ƙasa, Auta ya ce wasa yake.

Wata Lahadin haƙurin Yaya ya ƙare. Ta cire tabarau ta ajiye, alamar an kai ta bango.

"Umma, don Allah me kike so? Mun sa ki a gaba kin ce a'a, mun sa ki a baya kin ce a'a. To sai mu sa Girkin Guntu mu huta!"

Ƙwas.

Sai Auta ya fashe da dariya, Yaya ma ta bi shi har tana share ido.

"Cokalin ne ya suɓuce," in ji Guntu. Ya gyara mata shi a hannu, ya ƙara mata matashi a baya. "Ta gaji ne. Ku bari sai wani makon."

Umma ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, ko a'ar ma ba ta ɓata ba.

Tunda suna ya ƙi, Auta ya ce a rage wani aikin. Ya zo ranar Asabar da ƙaramin sikeli da sandar riƙe waya, ya matse kansa a tsakanin firji da bango, tumbinsa yana taɓa kantar kicin. Aka ɗora kwano a kan sikeli, Guntu ya zuba gishiri a ciki maimakon tukunya, Umma ta buga, Auta ya duba. Aka juye aka sake. Aka kuma sakewa. Duk lokacin abu ɗaya sikelin yake nunawa, ko ƙwaya ba ta gota ba.

"Kai, tsohuwar nan ta fi na'ura," in ji Auta. "Daga can bakin ƙofa fa!"

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," in ji Guntu. Maganar Umma ce tun suna yara, ya faɗe ta da alfahari kamar shi ya ƙirƙira.

Bayan an ci an sha Auta ya zauna duba abin da ya ɗauka, ya yi tsaki.

"Wayar nan ta fara tsufa. Sauti yana zuwa a makare. Duba, Yaya Guntu, hannunka ya riga ya tsaya sannan ake jin ƙwas ɗin. Ba komai, zan jawo sautin baya ya dace."

Guntu ya leƙa ta saman kansa. A cikin kwalbar gishirinsu akwai wani ɗan cokalin ƙarfe da ya faɗa tun tuni ba wanda ya damu ya ciro. In aka miƙar da kwalbar bayan an zuba, sai ya bugi gilashi ya ce kil. A bidiyon kil ɗin yana zuwa daidai da hoto, ba gaba ba baya. Ƙwas ɗin ne kaɗai yake makara. Guntu bai san waya ba, amma a saninsa na kayan wuta bai taɓa ganin na'urar da take zaɓar sautin da za ta makarar ba. Ya ce Auta ya sake kunnawa. Auta ya sake. Guntu ya ce to, ya tafi wanke tukunya.

Ranar Litinin aka tura shi wani dogon gini na ofisoshi, shi da abokin aikinsa da suke kira Injiniya saboda ba injiniya ba ne. Ƙararrawar lifta ce ta mutu, wadda take kaɗawa in an iso hawa. Aikin minti kaɗan ne, amma sai da suka hau saman akwatin liftar, suka tsuguna cikin duhu da ƙamshin giris, igiyoyin ƙarfe suna tsaye a gefensu. Kafin su hau, wata ma'aikaciya ta tare su a ƙasa ta ce tun da ƙararrawar ta lalace take bin bene da ƙafa, don ba za ta shiga abin da bai san inda zai tsaya ba.

"Ka ji fa," in ji Injiniya yana miƙo masa sukudireba. "Ita a tunaninta ƙararrawa ke tsayar da lifta. Na so in ce mata, baiwar Allah, sai ta tsaya tukuna ake kaɗawa. Amma na ga hawa benen zai amfane ta."

Guntu bai yi dariya ba. Ya ɗaura wayar wuta, ya ɗaure murfi, suka gwada, ƙararrawa ta kaɗa. Ya daɗe tsugune da sukudireba a hannu har Injiniya ya tambaye shi ko ya yar da wani abu ne a rami.

Da yamma ya yi komai yadda ya saba. Ya wanke hannu, ya jawo kujera, ya zaunar da Umma, ya ba ta cokali. Ya soya albasa, ya zuba tumatir, ya sa kifi. Da aka zo kan gishiri ya ɗauko kwalbar kamar mai shirin sata. Bai buɗe murfin ba. Ya karkata ta a kan tukunya, a rufe ruf, ya ɗan jira, sannan ya miƙar da ita. Ɗan cokalin ya ce kil.

Ƙwas.

Guntu ya tsaya da kwalba a hannu. Miya tana tafasa, ko ƙwayar gishiri ba ta shiga ba. Ya juyo a hankali. Shekaru ke nan yana ba ta baya a wannan kicin, bai taɓa tsayawa ya dubi fuskarta lokacin girki ba. Tana zaune a miƙe, kanta a ɗan karkace, kunnenta na hagu ne yake fuskantar tukunya. Ya ɗauki jan tawul ɗin da ke rataye ya ɗaga shi sama, ya kaɗa shi hagu da dama ba tare da ƙara ba. Idanunta ba su bi ba. Da ya matso ya duba sosai sai ya ga wani fari-fari ya lulluɓe ƙwayar idon, kamar madarar da ta ɗiga a shayi.

Abin da ya fara zuwa masa kunya ce. Yana gida ɗaya da ita, shi ke ɗaga ta shi ke zaunar da ita, amma bai san idonta ya tafi ba. Ta san gidan da ƙafa da hannu, talabijin kuma dama da kunne take binsa, duk sanda aka ce a je a duba ido ta ce a'a, shi kuma ya ɗauka a'ar da aka saba ce. Bayan kunyar sai haushi ya biyo. Tun yaushe? Tun yaushe take zaune a nan tana buga masa katako, shi kuma ƙato da gemu yana tsayawa kamar ɗan makaranta?

Ya sauke tukunya yadda take, ya zuba shinkafa, ya kai tebur. Ya sa mata cokalin ci a hannu. Ta ɗiba ta kai baki, ta tauna sau ɗaya, ta tsaya.

"A'a," in ji Umma.

"Ba gishiri," in ji Guntu. "Kuma kin buga."

Ta ajiye cokalin. Bakinta ya riƙa motsi yana neman kalmomin da ba sa nan. Shi ma ya rasa ta inda zai kama. Ya yi niyyar faɗa, ya tanadi maganganu tun daga kicin, amma da ya ga yadda ta sunkuyar da kai sai duk suka zube.

"Umma, kina ganina yanzu?"

"A'a."

"Tukunyar fa, daga bakin ƙofa?"

"A'a."

"Bana ne abin ya fara?"

"A'a."

"Bara?"

"A'a." Wannan ta fito can ƙasa-ƙasa.

Ya jingina da kujera, kujerar ta yi ƙara. Ke nan miyar da Auta yake kwasa a roba, da shinkafar da Yaya take cewa tana sa ta tuna yarinta, da awon da sikeli ya yi ta rantsuwa a kai, duk hannunsa ne. Ya dubi hannun, ga baƙin mai a gefen farce da sabulu ya kasa fitarwa. Bai ji daɗi ba. Ji ya yi kamar yaron da ya waiwaya a kan keke ya ga mai riƙe masa sirdi ya tsaya can nesa tun ɗazu.

"Me ya sa ba ki nuna min ba?" ya ce. "Ni da nake kwana da tsoron ranar da ba za ki buga ba."

Umma ta laluba da hannun hagu a kan tebur har ta samu nasa, ta riƙe. Hannunta bai kai rabin nasa ba. Ta ɗan bubbuga bayan hannun da yatsa, sau ɗaya, irin bugun da take yi wa kujera. Guntu ya juyar da fuska wajen taga, ya daɗe yana kallon shanyar maƙwabta. Can ya tashi ya ɗauko kwalbar gishiri, ya barbaɗa a kwanonta da nasa. Ba wanda ya buga komai. Ta ci ta cinye.

Ranar Lahadi aka sake jingina waya da kwalbar ruwa. Yaya ta zo da sababbin sunaye, har ta fara gyara murya. Guntu ya ce ta dakata, ya ba su labari daga farko, da kwalba da murfi da jan tawul, ba ƙari ba ragi, kamar yana ba da rahoton gyara. Auta ya buɗe baki ya manta da shi a buɗe. Yaya ta cire tabarau, ta mayar, ta sake cirewa, sai ga hawaye. Ta yi kukanta na ɗan lokaci, ta fyace hanci, ta dawo Yaya.

"Yanar ido ce, ana cirewa. Gobe zan nemi likita. Umma, ba shawara na kawo ba."

"A'a," in ji Umma.

"Na ji. Za mu je." Ta juyo kan Guntu. "Kai kuma, shekara da shekaru ina yabon Umma a waya kana cewa amin, ashe kai ne."

"Ni ma ban sani ba, Yaya."

"Wannan ai ya fi muni."

Auta dai yana ta latse-latse. Ya ɗago ya ce ya duba, Girkin Guntu ba a ɗauka ba. Ba a taɓa ma nema ba, a ko'ina, da kowace irin ƙarshe. Har kamfanin masu rajistar sun yi masa tayin ya haɗa da Kicin ɗin Guntu da Tukunyar Guntu, duk suna nan zube.

"Ba na so," in ji Guntu. "Don ita aka fara abin nan. Wa zai nemi girkin mai gyaran lifta?"

"Ba kai ake tambaya ba," in ji Yaya. "Ka san dokar gidan. Umma, Girkin Guntu?"

Ƙwas. Wannan karon har sai da kwalbar ruwa ta motsa, fuskar Yaya ta karkace.

Guntu ya murza gemu. Ya so ya sake cewa cokali ne ya suɓuce, amma ya san ba mai saye. Can ya ce, "To a rubuta a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: Daga hannun Umma ya koya."

"A'a," in ji Umma.

"Wannan kuma ban nemi cokali ba," in ji Guntu. "Auta, rubuta."

Auta ya dubi Umma, ya dubi waya, ya ga ba mai ceto, ya rubuta. Gefen bakin Umma mai lafiya ya ɗan ɗaga, ta mayar da shi da sauri.

Da yamma, bayan Auta ya tafi da robarsa, Guntu ya jawo kujera bakin ƙofar kicin kamar kullum. Ya zaunar da ita, ya sa mata cokalin katako a hannu. Ba ta riƙe ba. Ta miƙo masa shi, kan cokalin yana kallon firji don ba ta daidaita inda yake tsaye ba. Ya gane abin da take nufi sarai. Asiri ya tonu, aiki ya ƙare, a mayar da cokali cikin 'yan'uwansa, ita kuma gobe a bar ta a falo gaban talabijin. Sai a lokacin ya gane cewa ba shi kaɗai ne mai tsoro a kicin ɗin nan ba. Shi yana tsoron ranar da ba za ta buga ba, ita tana tsoron ranar da ba za a jawo kujera ba.

"Riƙe kayanki," ya ce, ya naɗe yatsunta a kan cokalin. "Shafi nawa ne, kicin naki ne. Ni ba na aiki ba mai dubawa."

Ya fita zuwa inda yake ajiye akwatin kayan aikinsa, ya tona ya ciro wani ƙaton noti na ƙarfe mara tsatsa. Ya wanke shi da sabulu sau da yawa, ya tafasa shi, ya goge ya bushe, sannan ya jefa shi cikin kwalbar gishiri kusa da ɗan cokalin nan. Ya lura kwanan nan sai ya maimaita magana take ji, kuma kil ɗin ɗan cokali ba wani ƙarfi gare shi ba.

Albasa ta soyu, tumatir ya nuna. Ya buɗe kwalba ya karkata, gishiri ya zubo, hannunsa ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya miƙar da kwalbar, notin ya daki gilashi da ƙarar da ko maƙwabta sai sun ji. Bai rufe murfin ba, bai juyo ba. Ya tsaya da bayansa gare ta, kansa a sunkuye ƙarƙashin kantar kwanuka, yana jira.

Ƙwas.

"To," in ji Guntu, ya rufe kwalba.